KASHIN JEMAGE: TAKI A GONA, CUTA A HUHU

Akwai majami'u da makarantu da yawa a ƙasarmu waɗanda jemagu suka mai da su gidansu. Tsakanin kwano da silin su ke yini a rataye, da magariba kuwa su fito ta ƙarƙashin rufi ɗaya bayan ɗaya. Ran Lahadi da sassafe masu shara su kan tarar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsabar shinkafa bisa benci da tebur. Da zafin bazara wari ya kan cika ɗaki, silin kuma ya yi tabo, har wani wuri ya lotsa saboda nauyi. Sa'an nan dattawan ikkilisiya su kan ce, to, ran Asabar samari su hau da tsintsiya su share.

Kafin a sa tsani a jikin bango, ya kamata mu san abin da ke can sama. Gama wannan kashi yana da amfani ƙwarai idan ya shiga ƙasar gona, amma idan ya tashi ya zama ƙura ya shiga huhun mutum, yana iya kwantar da ƙaƙƙarfan saurayi, har ya kai shi kabari. Darasinmu na wannan wata zai nuna amfaninsa, da cutarsa, da yadda za a sami amfanin ba tare da an ɗauki cutar ba.

1. Jemagu da kashinsu

Masana sun ƙidaya jemagu fiye da iri 1,400 a duniya. Mu a nan ya ishe mu mu raba su biyu.

Na fari su ne manya, masu fuska kamar ta kare, waɗanda su ke cin 'ya'yan itatuwa, su sha ruwan fure. Su ne mu ke gani a rataye bisa dogayen itatuwa cikin gari, suna ta kuka. Kashinsu ruwa-ruwa ne, cike da 'ya'yan ɓaure da na sauran itatuwan da suka ci. Waɗansu irinsu cikin kogo su ke zama.

Na biyu su ne ƙanana masu cin ƙwari. Yawancin waɗanda su ke shiga rufin majami'a irin waɗannan ne, gama ramin da ɗan yatsa zai shiga ya ishe su ƙofa. Dare ɗaya ƙaramin jemage ya kan ci ƙwari masu yawan gaske, watau malam-buɗe-littafi na dare, da buzuzu, da gina, da sauro. Kashinsu busasshe ne, baƙi.

Mutane su kan ɗauka kashin ɓera ne, domin sun yi kama. Ga yadda za a bambanta. A sa ƙwaya ɗaya a takarda, a danna ta da tsinke. Na ɓera yana da tauri in ya bushe. Na jemage kuwa nan da nan ya kan marmashe ya zama gari, a ga waɗansu abubuwa suna ƙyalli a ciki. Ƙyallin nan gutsattsarin fukafukan ƙwari ne da ɓawonsu. Mai karatu ya riƙe wannan: kashin jemage ba ya da wuyar zama gari. Daga nan amfaninsa ya fito, daga nan kuma hatsarinsa ya fito.

2. Amfaninsa

Kowane manomi ya san haruffa 3 da a ke rubutawa a jikin buhun takin zamani, N da P da K. Sunayen abincin shuka ne: naitirojin mai sa ganye ya yi kore shar, fosfaras mai ƙarfafa saiwa da fure, da fotashiyam mai taimakon 'ya'ya. Dukansu suna cikin kashin jemage. Na masu cin ƙwari ya fi yawan naitirojin tun yana sabo. Wanda ya daɗe cikin kogo, ruwa ya wanke shi shekara da shekaru, ya fi yawan fosfaras. Mudu ɗaya nasa ya fi mudu ɗaya na kashin shanu ƙarfi nesa ba kusa ba.

Turawa suna ce da irin wannan taki guwano. Sun ari kalmar daga bakin mutanen ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, waɗanda tun zamanin kakanninsu su ke kwasar kashin tsuntsayen teku daga tsibirai suna zuba wa gonakinsu. Daga wajen 1840 jirage suka yi ta ɗibarsa zuwa Ingila da sauran ƙasashen Turai. Ya yi daraja har a 1856 Amurka ta kafa doka mai ba mutanenta izinin kama duk tsibirin da ba mai shi, idan an sami wannan taki a kansa. Daga baya sunan ya bi kashin jemage kuma. A kogon Carlsbad na Amurka an fara haƙarsa a 1903, aka yi wajen shekara 20 ana kai shi gonakin lemo a Kalifoniya. A jihar Teksas akwai kogon Bracken inda jemagu fiye da miliyan 15 su ke taruwa kowace shekara, kashinsu ya yi tsibi mai zurfin gaske.

A ƙasashen Kambodiya da Biyetnam manoma ba su jira sai sun sami kogo ba. Su kan kafa dogayen sanduna, su rataya busasshen ganyen giginya a sama, jemagu su zo su tare a ciki. A ƙasa kuwa sun shimfiɗa raga ko tabarma. Kowace safiya su kwashe, su zuba a gona, saura su sayar. A ƙasar Tailan akwai wani kogo a lardin Ratchaburi wanda masu kula da shi su ke sayar da kashin jemagunsa, kuɗin kuwa yana aikin gari. Ashe abin da mu ke ƙyama, waɗansu da shi su ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Akwai wani amfani na dā. Cikin ƙasar kogon jemagu a kan sami wani irin gishiri wanda a ke haɗawa da gawayi da farar wuta a yi albarushi. A yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, mutanen kudu sun haƙa kogunan jemagu domin wannan gishiri sa'ad da aka tare musu hanyar teku.

Amma akwai abu ɗaya da ba ya cikin amfaninsa, watau magani. A ƙasar Sin masu maganin gargajiya sun daɗe suna ba da shi domin ciwon ido, a nan ma a kan ji masu ba da shi a jiƙa a sha ko a shafa. Kada kowa ya sha, kada ya sa a ido, kada ya shafa a miki. Dalili yana zuwa.

3. Cutar da ke cikin ƙura

Dukanmu mun san fumfuna, wadda ta kan fito bisa tuwon da ya kwana biyu. Akwai wata irin fumfuna wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana son ƙasa mai laima wadda ta gauraya da tsohon kashin jemage ko na kaji da tattabaru. Tana kuma iya zama cikin hanjin jemage kansa, ta fito tare da kashinsa. Sunanta histofilasma, cutar da ta ke kawowa kuwa likitoci suna ce da ita histofilasmosis. Wani likitan Amurka mai suna Samuel Darling, wanda ya yi aiki a ƙasar Panama sa'ad da a ke haƙa mashigin jirage, shi ya fara ba da labarinta a 1906.

Muddin kashin yana kwance ba a taɓa shi ba, hatsarin kaɗan ne. Amma da an sa tsintsiya ko shebur, irin fumfunar ya kan tashi tare da ƙura. Ƙanƙantarsa ta sa yana wuce hanci da maƙogwaro har ya kai can ƙarshen huhu. Ɗumin jikin mutum ya kan sa ya sāke kama, ya fara hayayyafa.

Yawancin waɗanda suka shaƙi kaɗan ba su jin kome, ko kuwa su ji kamar mura, ta wuce. Wanda ya shaƙi da yawa kuwa, bayan kwana 3 zuwa 17 sai zazzaɓi, da tari, da ciwon kai, da ciwon ƙirji, da kasala. Ga wani misali na gaskiya. A 2015, a Jamhuriyar Dominikan, wadda ke tsibiri ɗaya da Haiti, aka ɗauki ma'aikata 36 su kwashe kashin jemage daga cikin ramukan wata madatsar ruwa waɗanda aka daɗe ba a shiga ba. Suka yi makonni suna kwasa da shebur cikin zafi, ba su da abin kāre numfashi na kirki. Mutum 30 suka kamu, 3 suka mutu. Majiya ƙarfi ne, masu neman abincin iyalinsu.

Kada mu ce wannan cutar ƙasashen nesa ce. Akwai irinta ta Afirka, wadda likitocin Beljiyam suka bayyana a 1952. An fi samunta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da aka fi ganinta. Ita ta fi kama fata da ƙashi. Ta kan fito da ƙuraje masu tauri, da gyambon da ba ya warkewa, da kaluluwa, da kumburi bisa ƙashi. An daɗe ba a san inda ta ke ɓuya ba, sai a 1994 masu bincike suka ba da labari sun same ta cikin ƙasar kogon Ogbunike, a jihar Anambra, inda jemagu su ke zama.

Abu 3 ya kamata kowa ya sani a kan wannan cuta. Na ɗaya, ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, saboda haka kada a guji mai ita. Na biyu, ta fi tsanani ga jarirai, da tsofaffi, da masu tsohon ciwon huhu, da masu cutar ƙanjamau, da duk wanda jikinsa ya raunana. Ga irin waɗannan ta kan bar huhu ta bazu ko'ina cikin jiki, in ba a yi magani ba kuwa tana kisa. Na uku, tana kama da tarin fuka ƙwarai: tari, rama, gumin dare, har hoton ƙirji ma ya kan yi kama. Mutum ya kan sha maganin tarin fuka wata da watanni ba sauƙi, gama maganin nan ba ya taɓa fumfuna. Nata maganin dabam ne. Akwai ƙwayar itirakonazol, akwai kuma amfoterisin wanda a ke sa wa mai ciwo mai tsanani ta jijiya a asibiti. Likita ba zai yi tunaninta da wuri ba sai an gaya masa. Saboda haka wanda ya yi zazzaɓi da tari bayan ya yi aiki cikin silin, ko kogo, ko tsohon akurki, ya faɗa wa likita a fili, ya ce, na shaƙi ƙurar kashin jemage ran kaza.

4. Kogo da ramin haƙa

Akwai wani hatsari kuma wanda ba na rufin ɗaki ba ne, na kogo ne da ramin haƙar ma'adini. Wani irin jemage mai cin 'ya'yan itatuwa, mai zama dubbai cikin duhun kogo, yana ɗauke da ƙwayar cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola. Shi ba ta kwantar da shi, amma tana fita cikin miyaunsa da fitsarinsa da kashinsa.

An sa mata sunan wani gari na Jamus inda aka fara ganinta a 1967, sa'ad da ma'aikata suka ɗauke ta daga birai da aka kawo daga Uganda. Mutum 7 suka mutu a lokacin. Daga 1998 zuwa 2000 ta kama masu haƙar zinariya a Durba, cikin ƙasar Kwango, da iyalansu, ta kashe mutum 128. A 2008 wata baƙuwa daga Holan ta shiga kogon jemagu a Uganda domin kallo, ta koma gida ta mutu. Ta ɓulla a Gini a 2021, a Ghana kuma a 2022, watau ta iso Afirka ta Yamma. Wannan kuwa tana bin mutum zuwa mutum ta jini da ruwan jiki.

Samarinmu da yawa suna zuwa haƙar zinariya da kuza. Iyaye su gaya musu: ramin da aka daɗe da bari, jemagu suka cika shi, ba wurin shiga ba ne, balle kwana. Yara kuma kada su ci mangwaro ko gwaiba da jemage ya gatsa ya yar, kada su yi wasa da jemage, mai rai ko matacce. Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, domin jemagu suna iya ɗaukar cutar haukan kare da danginta. Cikin Littafin Firistoci, sura 11, an lissafta jemage cikin abubuwan da Isra'ilawa ba za su ci ba. Masu cinsa a yau su sani, babban hatsari yana wurin kamu da fiɗa, inda jini ya ke taɓa hannu.

5. Me ya hana a kashe su duka?

Wani zai ce, to, a sa hayaƙi ko guba a huta. An gwada. A Uganda, bayan cutar Marburg ta kama ma'aikata a ramin haƙa na Kitaka a 2007, aka toshe ramin, aka kashe jemagu dubbai. Bayan 'yan shekaru waɗansu jemagu suka zo suka tare, da aka gwada su kuwa sai aka tarar masu ɗauke da cutar a cikinsu sun fi na dā yawa. A 2012 cutar ta sāke ɓulla a garin Ibanda, kusa da wurin. Guba cikin silin kuma tana barin mushe yana ruɓa bisa kan masu sujada, yara da kyanwa suna tsintar waɗanda suka faɗo.

Ban da haka, jemagu ma'aikatanmu ne waɗanda ba mu biya. Furen kuka da na ɗorawa da na rimi da dare su ke buɗewa, jemagu ne kuwa manyan masu kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan, har su yi 'ya'ya. Mai son daddawa a miya yana da abin gode wa jemage. 'Ya'yan itatuwan da su ke kāsarwa a nesa su ne su ke tsiro su zama kurmi. Ƙananan kuma suna rage ƙwarin gona kowane dare. Abin da mu ke so shi ne su fita daga rufinmu, su koma itace da dutse.

6. Yadda za a yi aikin

Ga shawara ga dattawa da shugabannin samari da na zumuntar mata.

Da fari a zaɓi masu aiki. Kada yara su hau, ko tsofaffi, ko mace mai ciki, ko mai asma, ko mai wani ciwo da ya daɗe. Kada a tilasta wa kowa ya faɗi dalilinsa in ya ce ba zai hau ba.

Na biyu, a fid da jemagun. A tsaya waje da magariba a lura da ramukan da su ke fita. A toshe sauran duka, a bar manyan. A bakin waɗannan a rataya raga mai laushi, a kafe ta daga sama, a bar ƙasanta a sake, domin su iya fita amma su kāsa komawa. Bayan mako ɗaya a toshe sarai. Idan da dare ana jin kukan 'ya'ya a ciki bayan manya sun fita, a dakata sai sun yi fiffike.

Na uku, ruwa kafin tsintsiya. Wannan shi ne kan darasin duka. A yayyafa ruwa a hankali da gwangwani mai ƙananan huji, a bari ya jiƙa, a ƙara. Kada a sheƙa da ƙarfi, gama wannan ma yana ta da ƙura, silin kuma ba ya ɗaukar nauyi. Sai ya yi danshi sarai a kwashe da shebur a zuba cikin buhu mai leda, a ɗaure baki. Masu sharar ran Lahadi su ma su goge benci da jiƙaƙƙen tsumma maimakon karkaɗewa.

Na huɗu, a rufe hanci da baki da takunkumi irin wanda a ke kira N95, ya zauna daram bisa fuska. Ƙyalle da rawani ba su tare irin fumfunar nan. A sa safar hannu da takalmi. In an gama a tuɓe kayan aiki a can, a jiƙa su, a yi wanka da sabulu kafin a ɗauki yaro ko a ci abinci. Idan tsibin ya yi yawa, na shekaru ne, a nemi shawarar duba-gari ko ma'aikatan lafiya tukuna.

Na biyar, a kai gona yana da danshi. Kada a shanya shi, kada a sheƙe shi, kada a watsa shi cikin iskar hunturu. A haƙa rami, a jera shi da ciyawa da kashin shanu, a rufe da ƙasa, a bar shi ya ruɓa watanni. Ko sa'ad da za a buɗe ramin a jiƙa shi, gama ruɓa ba ta tabbatar da mutuwar fumfuna. A binne shi cikin kunya kafin shuka. Kaɗan ya isa, in ya yi yawa ko ya taɓa gindin shuka ya kan ƙone ta. Kada a barbaɗa bisa ganyen da a ke ci ɗanye.

Na shida, a tsare ruwan sha. Inda a ke tarar ruwan sama daga kwano, a bar na fari ya wanke rufi ya zube. A rufe randa da rijiya da rumbu.

 Rigakafi ya fi magani. Samarin da su ke ba da ƙarfinsu kyauta domin gyaran majami'a, hakkinsu yana wuyan waɗanda suka aike su.

Tambayoyi domin nazari

1. Ƙaƙa za a bambanta kashin jemage da na ɓera?
2. Waɗanne abinci 3 na shuka ke cikin wannan taki?
3. Me ya sa maganin tarin fuka ba ya warkar da cutar ƙurar nan? Me mai ciwo zai gaya wa likita?
4. Me ya faru a Kitaka bayan an kashe jemagu?
5. Waɗanne itatuwa na garinku ne jemagu su ke taimako?
6. Su wa su ke share majami'arku da makarantarku? Da busasshiyar tsintsiya su ke yi, ko da ruwa? Wa zai karanta musu wannan darasi kafin Asabar mai zuwa?